Teburin Hamsatu

Falankan sun shekara biyu a barandar gidan da Mansir yake haya a Gwallameji kafin a sa musu zarto. Maɗaci ne, ja, mai nauyi. Shi da kansa ya je kasuwar 'yan katako ya zaɓe su, yana ƙwanƙwasa kowanne yana saurare. Ya jera su a kwance, ya sa 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, ya ce wa matarsa Hamsatu sai sun bushe har ciki, sannan zai yi mata teburin kwamfuta irin wanda jikokinta za su gada.

Hamsatu ba ta jikoki take yi ba, ta ciwon bayanta take yi. Aikinta haɗa alƙaluman rigakafi ne a wata ƙungiya, rabin aikin kuma a gida take yinsa, zaune a ƙasa, jingine da gado, kwamfuta a kan faranti a cinyarta. In ta tashi sai ta dafa bango.

"Injiniya, ga tebura nan a bakin titi har da durowa. Ka bar ni in sayi ɗaya."

"Wannan ba katako ba ne. Gari ne aka matse da gam aka lulluɓe da leda. Damina ɗaya zai kumbura."

"To ya kumbura mana. Ni ma ai na kumbura."

"Ki ƙara haƙuri. Sun kusa."

Mansir tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana a kudu, daga can ya wuce Jamus ya karanta aikin ruwa. A can ne, a wani ɗakin aikin katako na ɗalibai, ya koyi haɗa itace ba tare da ƙusa ba. Ya dawo Bauchi da takardun digiri, da akwatin kayan sassaƙa, da halin ƙin taɓa abu sai ya tabbata zai fito yadda ya zana shi. Ba mai yawan magana ba ne. Bai yarda da ita ba ma sosai.

Ranar da abin ya faru, farkon damina ne. Ya dawo daga ofis ya tarar da farin teburin roba a ɗakinta, irin wanda ake haya a wurin biki. Ta ɗora kwamfuta a kai, tana zaune a kujerar roba tana aikinta.

"Wannan fa?"

"Tebur ne."

"Na ga tebur ne. Ba na ce ki jira ba?"

"Na jira. Likita ya ce in daina zaman ƙasa. Shi bai ce in jira ba."

Magana ta yi tsawo. Ta tono masa famfon tsakar gida da ya kwance tun bara ya ce ba zai kira mai gyara ba, ta tono masa filin da ya saya ya ƙi sa tubali ko ɗaya saboda zanen bai gamsar da shi ba. Daga ƙarshe ta ce, "Kai komai sai ya zama babu irinsa, shi ya sa ba ka taɓa gama komai ba. Ni ma ajiye ni ka yi in bushe, kamar katakon nan."

Wannan ta shige shi. Mutumin da ba ya magana, da ya buɗe baki sai ya faɗi wadda ta fi kowace nauyi. Saki ɗaya. Hamsatu ta dube shi har sai da ya kau da kai. Ta rufe kwamfutarta ta sa a jaka, ta yafa mayafi, ta fita ta tari keke zuwa gidansu a Ƙofar Wambai. Ko kuka ba ta yi ba.

Tun ƙarar keken ba ta ɓace ba ya san ya yi ɓarna. Ya kuma san gyaran ba shi da wuya. Saki ɗaya ne. Muddin tana cikin idda, kalma ɗaya ta isa ya mayar da ita, ba sabon ɗaurin aure, ba sadaki, ba neman izinin kowa. Idda kuwa, yadda ya saba ji a bakin mutane, wata uku ce. Ya ɗaga kai ya dubi kalandar da ke bango. Wata uku ya ishi mutum ya yi tebur.

Abin da ya yanke ke nan. Ba zai je mata da baki kawai ba, bakin da ya yi ɓarnar. Zai gama teburin, ya ɗauko ta, ya buɗe ƙofar ɗakin, sannan ya faɗi kalmar a gabansa. Ta ce ba ya gama komai. To za ta gani.

Washegari ya ɗauki falankan a motar a-kori-kura ya kai aka fere masa su a inji. Da aka cire baƙin saman, jan maɗacin ya fito kamar naman da aka yanka yanzu. Baranda ruwa yana feshinta, don haka ya tura gadon Hamsatu da akwatunanta gefe guda, ya rufe su da tsohon zane, ya mai da ɗakinta wurin aiki. Dama a nan teburin zai zauna, ƙarƙashin taga, inda hasken safe yake shigowa ta hagu. Ya auna bangon. Ya auna tagar. Ya tuna faɗin kwamfutarta ya ƙara wurin takardu da wurin kofin shayi.

Kullum in ya taso daga ofis sai ya tuɓe riga ya kama, har a kira magariba. Ƙafafun ya fara yi. Ya fafe rami a jikin kowace ƙafa, ya sassaƙa harshe a bakin sandar da za ta shiga, yana gwadawa yana cirewa yana kankarewa, har sai harshen ya shige da bugun tafin hannu kawai, ba ya rawa, ba ya tsagewa. Garin maɗaci ya cika masa hanci, ɗacinsa yana sauka har maƙogwaro. Abinci kuwa sai abin da ya saya a bakin titi wurin masu sayar wa ɗalibai.

Ranar wata Asabar ya kira maƙwabcinsa Obadiya ya riƙe masa falankan saman zai haɗa su da gam. Obadiya mutumin Bogoro ne, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu.

"Injiniya, matata Roda ta ce in tambaye ka yaushe madam za ta dawo. Ta ce layin nan ya yi shiru."

"In na gama."

"Ka kira ta?"

"Riƙe nan. Kar ka bari ya goce."

"Na riƙe. Ni dai ranar da Roda ta yi fushi ta tafi gidansu, ban tsaya yin kujera ba. Mota na hau da kaji biyu, na durƙusa gaban babanta har ƙafata ta mutu. Tsohon yana ta cin gyaɗa bai ce in tashi ba."

"Kowa da yadda yake yi."

"Haka ne. Amma ni ban taɓa ganin tebur ya tafi biko ba. Ƙafa huɗu gare shi, amma ba ya zuwa ko'ina."

Mansir bai yi dariya ba. Ya ci gaba da murɗa ƙarfen matsi har gam ya tsatso a layin haɗin, ya bi shi da jiƙaƙƙen tsumma ya goge.

Da gam ya kama ya kwance ƙarafan, ya kai saman teburin bakin taga. A ɗaya daga cikin layukan haɗin akwai wata 'yar kafa, siririya kamar gashi, wadda sai an karkata da haske ake ganinta. Obadiya ya ce ko da tabarau ba ya ganin komai. Mansir ya kwana biyu yana wucewa yana dubanta. A na uku ya sa zarto ya raba falankan, ya sake fere bakinsu, ya sake haɗawa. Damina ta yi nisa, iska duk laima, gam ba ya saurin bushewa. Ya jira.

Ana cikin haka baffan Hamsatu, Malam Ja'afaru, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, ya aiko a ce masa ya zo. Mansir ya je bayan sallar Juma'a. Suka zauna a zaure a kan tabarma, aka kawo ruwa. Daga cikin gida yana jiyo muryarta tana magana da wata mata, har ta yi 'yar dariya. Bai nemi ganinta ba.

"Mansir, mun ji shiru."

"Ina nan tafe, Baffa. Akwai abin da nake ƙarasawa."

Tsohon ya daɗe yana dubansa. "To. Amma ka san abin nan ba ya jiran mutum."

"Na sani, Baffa."

Ya ɗauke ta a matsayin irin maganar manya. A hanyar komawa ya tsaya ya sayi samfefa mai laushi da man shafa wa katako.

Ya haɗa ƙafafun da sandunan ƙasa, ya yi 'yar kanta a gefe ta ajiye takardu, ya huda rami a baya inda wayoyi za su bi. Ya yi durowa ɗaya wadda in an tura ta takan shige a hankali tana fitar da iska. Duk inda itace ya haɗu da itace ya sa gam ya buga turken itace ya yanke kansa. Babu ƙusa ko ɗaya. Abin da aka haɗa haka ba ya kwancuwa, sai dai a fasa shi. Ya bi shi da samfefa har tafin hannunsa ya daina jin layin haɗin. Bisa lissafin kalanda, yana da sauran kusan wata guda. Ya sa a ransa Juma'a mai zuwa zai je ya ɗauko ta.

Ranar Asabar da hantsi yana shafa mai na ƙarshe ya ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama. Gwaggo A'i ce, ƙanwar mahaifin Hamsatu, da wasu mata biyu, da 'yan dako a bayansu. Hamsatu ce ta shigo ƙarshe. Ta ɗan rame. Ta tsaya a baranda inda falankan suke a da.

Ya durƙusa ya gai da Gwaggo, hannunsa duk mai.

"Sannu da aiki, kafinta," in ji ta. "Mun zo kwashe kaya."

"Wane kaya, Gwaggo?"

"Kayan ɗakin 'yarmu. Ta gama idda ranar Talata."

"Ba ta gama ba. Da saura. Na lissafa."

"Da me ka lissafa?"

Idonsa ya kai kan kalandar. Gwaggo ta bi idon nasa ta gani.

"Kalandar ka saka, ko Hamsatu? Tsarki uku ne, ɗan nan, ba wata uku ba. Wanda ka sake ta a cikinsa ma yana cikin ukun. A jikinta ake ƙirgawa, ba a bangon ɗakinka ba."

Ya taɓa ji. Can baya, a wani karatu da aka yi a masallaci, ya taɓa ji. Bai dai taɓa zama ya yi tunanin abin a kan kansa ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya gaya masa ranar, ita ce kuma bai kira ba.

"A zuciyata ban taɓa rabuwa da ita ba, Gwaggo."

Gwaggo ta gyara mayafinta. Muryarta ta sauka. "Malam Ja'afaru ya ce in tambaye ka, don kar a yi abin da Allah bai ce ba. Ka taɓa furtawa cewa ka mayar da ita? Ko a gaban wani, ko kai kaɗai a ɗaki?"

Matan biyu suka daina motsi. Hamsatu tana kallon ƙasa. Ya ga hanyar a buɗe: in ya ce e, babu mai ƙaryata shi a nan take. Amma shi mutum ne da ya raba falanki saboda kafar da ba ta kai gashi ba.

"Ban furta ba. Cewa na yi sai na gama."

"To," in ji Gwaggo. "Ku shiga ku fara da gado."

Aka kwance gado aka fitar. Aka fitar da katifa, da akwatuna, da kwanukan da ke jere a kabad tun ranar da aka kawo ta. Matan suna kaɗe garin katako daga jikin komai suna tsaki ƙasa-ƙasa. Ɗakin yana ta faɗaɗa, har ya rage saura teburin maɗaci a ƙarƙashin taga, da na roba da kujerarsa a lungu.

"Wannan ba da shi muka kawo ta ba," in ji Gwaggo. "Ku bar masa abinsa."

"Nata ne," in ji Mansir. "Ita na yi wa. Ku ɗauka."

'Yan dakon suka kama, suka yi nishi, suka kai shi bakin ƙofa. A tsaye bai wuce ba. Suka kwantar da shi a gefensa, ƙafafun suna kallon bango, suka tura. Ya cije. Suka karkata, sandunan ƙasa suka tokare. Abin da ya hana shi wucewa kaɗan ne, amma ƙofar ta ƙarfe ce, an kafa ta cikin siminti, gidan kuma ba nasa ba ne.

"Oga, sai dai a kwance shi."

"Ba ya kwancuwa."

"To a ina aka shigo da shi?"

"A nan aka yi shi."

Babban 'yan dakon ya share gumi ya dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi sama, inda hadari ya fara haɗuwa ta bayan duwatsu. "Mu dai ruwa kar ya same mu da katifa a waje."

A nan Hamsatu ta yi magana, karo na farko tun shigowarta. "Ku sauke shi."

Suka tsayar da shi a tsakiyar ɗaki. Ta jawo kujerar roba ta zauna. Ta shafa saman da tafin hannu, ta jawo durowar ta mayar, ta saurari yadda ta shige. Sannan ta ɗora hannayenta biyu yadda take ɗora su a kan kwamfuta. Kafaɗunta suka ɗaga har kusa da kunnuwanta.

"Ya yi mini tsawo."

"Tsayin da ake yi ke nan," in ji shi. "Ko'ina haka ake yinsa."

"Ni ba ko'ina ba ce, Injiniya. Ka taɓa auna ni?"

Ya auna bango. Ya auna taga. Ya auna kwamfutar da ba ta ma cikin gidan.

Ya ɗauko tef ɗin awo ya durƙusa kusa da kujerar. Gwaggo ta yi gyaran murya. Ya tsaya da hannunsa a iska, ya tuna matar da ke zaune a nan ba tasa ba ce yanzu. Ya ja baya ya miƙa wa Gwaggo tef ɗin, ya ce ta auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta. Gwaggo ta auna tana mita, ta danne wurin da farce ta nuna masa. Ya kai jikin ƙafar teburin ya gwada. Yatsu huɗu ya yi yawa.

Ya daɗe a durƙushe. Ya ga yadda teburin ya cije a ƙofa ɗazu, ya kuma san abin da ya hana shi fita bai kai yatsu huɗu ba. In ya bar shi yadda yake, a ɗakin nan zai zauna. Zai zama abin da ba a gama magana a kansa ba, dalilin aike, dalilin kiran waya, wataƙila dalilin ta sake tako ƙafarta cikin gidan. In ya yanke, zai yi mata daidai, kuma zai fita.

Ya ce a kifa shi. Ya ja layi da fensir a kowace ƙafa, ya zagaye ta ta fuska huɗu. Ya ɗauko ƙaramin zartonsa mai siraran haƙora. Ƙarar zarton kawai ake ji, da faɗuwar guntu a kan siminti, har sau huɗu. Ya bi bakin yankan da samfefa, ya shafa mai da ɗan yatsa. Aka tayar da teburin. Bai yi rawa ba.

Hamsatu ta sake zama. Ta ɗora hannayenta. Kafaɗunta suka sauka.

"Ya yi," ta ce.

'Yan dakon suka kwantar da shi a gefensa, suka tura, ya wuce ƙofar ko gogar fenti bai yi ba.

A waje aka ɗora shi a saman kaya, ƙafafunsa a sama. Mansir ya koma ya ɗauko tamfol ɗin da yake rufe falankan da shi, ya hau motar ya rufe teburin da kansa, ya ɗaure da igiya. Obadiya da Roda suna tsaye a ƙofar gidansu. Roda ta zo ta riƙe hannun Hamsatu, sannan ta koma.

Gwaggo da matan suka shiga keke. Hamsatu ta sa ƙafa ɗaya.

"Hamsatu," ya ce. "In na zo wurin Baffa, a sake sabon lale?"

Ta juyo. Babu fushi a fuskarta, abin da ya fi damunsa ke nan.

"Zauren Baffa a buɗe yake ga kowa. Ni dai duk ƙarar da wayata ta yi sai na duba, har ranar Talata. Yanzu na daina dubawa."

Ya nemi abin da zai ce. Abin da ya zo masa shi ne, "Kar a ajiye shi inda rana take dukansa. A riƙa shafa masa mai."

"Za a shafa."

Keken ya tashi, motar kayan ta bi bayansa a hankali tana kauce wa ramukan layin. An fara yayyafi kafin su kai titi.

Ya koma ɗakin. Sun bar masa teburin roba da kujerarsa. Ya tsince guntayen maɗacin guda huɗu daga ƙasa ya ɗora a kai. Teburin ya ɗan girgiza, ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa sosai ba. Ya tsaya yana kallon ƙafar. Sannan ya je ya ɗauko tsintsiya.